Wutsiyar da Na Kankare da Reza

Kun cika mini benci tun safe, kowa da wayarsa a hannu, kuna cewa wai ɗaukar hoto ba sana'a ba ce, dannawa ce kawai. To ku danna. Ni dai Lawali mai hoto, tun iyayenku mata ba su iya ɗaurin kallabi ba nake bakin tashar nan ta Matameye, kuma ba zan ce muku da can ta fi yanzu sauƙi ba. Ku dubi yatsuna, maganin wanki ne ya rina su haka, babu sabulun da zai fitar da shi. Amma ina kewar aikin nan, ba na ɓoyewa. Akwai kuma hoto guda da har gobe nake fatan a mayar da ni safiyar da na wanke shi. Ku ajiye wayoyin nan in ba ku labari.

A Damagaram na koya, a hannun Alhaji Sanda, Allah ya jiƙansa. Shekara guda cur ban taɓa kyamara ba. Aikina yana ɗakin duhu: in ɗebo ruwa, in wanke tasoshi uku, ɗaya ta maganin da ke fito da hoto, ɗaya ta ɗauraya, ɗaya ta maganin da ke tsayar da shi. Da bazara kwalaben magani a cikin randa suke kwana, a rufe su da jiƙaƙƙen buhu, don in magani ya yi ɗumi sai fuskar fim ta kumbura, hoton mutum ya fito da tabo-tabo kamar ya yi ƙyanda. Na sha faɗa a kan wannan har ban san iyaka ba.

Sai a shekara ta biyu ya zaunar da ni gaban akwatin gyara. Akwati ne mai gilashi a sama da fitila a ciki, ka ɗora fim a kai haske ya ratso shi. Fim ɗinmu na lokacin, kowane hoto faɗinsa ya ɗan fi akwatin ashana, kuma komai a juye yake, fari ya zama baƙi, baƙi ya zama fari. Kayan aiki biyu ne rak. Akwai fensir da aka fiƙe kamar allura, da shi ake ƙara haske inda babu. Akwai reza da aka karya ta yi tsini, da ita ake kankare abin da ba a so. Abin da fensir ya sa ana iya gogewa, abin da reza ta ɗauke kuwa ya tafi kenan. Alhaji yakan ce mutum bai baro ƙauyensu ya sa babbar riga don ka nuna masa abin da madubi ya riga ya nuna masa ba. Saboda haka ƙurji mu share, tabon ƙuna mu lallaɓa, ido mai hakiya mu ɗiga masa ɗan haske.

Wani dattijo daga Dawce ne ya fara koya mini hankali, watana biyu da buɗe shagon nan. Ranar kasuwa ya zo, zai aika wa ɗansa hoto a Kano. Na ɗauke shi, na zauna na goge masa fuska tas, har da zanen kumatunsa na cike da fensir. Da kasuwa ta zagayo ya dawo, ya karɓi hoton, ya juya shi sama ya juya shi ƙasa, ya ce, "Yaro, wannan ɗan gidan wa ne?" Na ce ai shi ne, Baba. Ya ce, "Ni da zanen gidanmu aka haife ni aka yi mini, da shi za a binne ni. Ba mai shi kayansa." Ya ajiye mini hoton a tebur ya fita. Sai da na bi shi har wurin masu gero na roƙe shi ya dawo na sake ɗaukarsa.

Shekarar wahala kuwa ita ce bayan karyewar sefa. Fim ya yi tsadar da ba a magana, wani lokaci ma ka je har Kano ka dawo hannu biyu. Na sayar da kyamara ɗaya, na rage da mai ido biyun nan da kuke gani a kan kanta tana shan ƙura. Akwai satin da ban buɗe ɗakin duhu ba ko sau ɗaya. Da bazara ta shigo, naɗin fim guda ne ya rage mini, mai hoto goma sha biyu, na ɓoye shi a bayan randa ina jiran 'yan jarrabawa su zo hoton takarda.

A cikin wannan halin ne tauraruwa mai wutsiya ta fito. Gari ya ɗauka, tsofaffi na cewa wani babba zai tafi, wasu na cewa damina ce za ta ƙi. Sai ga Mushe Habu ya shigo shagona yana tura kekensa. Malamin kimiyya ne a koleji, kuma kun san duk malamin lakwal, wato makarantar boko, Mushe ake ce masa, har mu da ba mu shiga ajinsa ba. Dogo ne, siriri, aljihunsa kullum da alli. Ya daina hawa keken ne tun da idonsa ya fara tafiya. Da dundumi abin ya soma, da rana ta faɗi ba ya gani, daga baya likita a Damagaram ya gaya masa jijiyar ce ke mutuwa, kuma babu magani. Da rana dai yana karatu, in ya kai takarda kusa da hanci ya sa gilashin ƙara girma.

Ya ce, "Malam Lawali, shekara kusan talatin ina zana wa yara wutsiyar nan a allo. Daga littafi na kwafo ta. Yau ga ta a kan garinmu, kowa na kallo har da awaki, ni ban ga komai ba. Ka ɗauko mini ita a takarda in gan ta da rana, tun idon bai ƙarasa ba."

Na ce, "Mushe, ni mutane nake ɗauka, su ma sai na ce su tsaya cak."

Ya ce, "Wannan ta fi kowa tsayuwa. Kai dai ka zo da ƙafa ukun ɗora kyamara."

Na tuna da 'yan jarrabawa, na dubi mutumin nan yana lalube hannun kekensa. Na shiga na ɗauko fim ɗin daga bayan randa.

Bayan lisha muka fita bayan gari, ta hanyar Kantce, inda gonakin gero suke fayau babu ko kara, muka jira wata ya faɗi. Na kafa ƙafa uku, na ɗora kyamara ta fuskanci arewa. Shi ya koya mini dabarar: a buɗe idon kyamara a bar shi a buɗe, haske ya riƙa taruwa kaɗan-kaɗan. Shi ke ƙirga da Faransanci, ni ke buɗewa da rufewa, kowane hoto da tsawon ƙirgarsa, don ba mu san wanda zai yi daidai ba. Ya ce, "Ina take?" Na kama hannunsa na ɗaga. Ya bi hannun da kallo, ya daɗe, sannan ya ce, "Wutsiyar ta kai ina?" Na ce ta yi nisa ƙwarai, amma dishi-dishi take, in ka zuba mata ido sai ta ɓace maka.

Tsakanin hoto da hoto yake ba ni karatu, ni da ko lakwal ban yi ba. Ya ce tauraruwar nan ba tauraruwa ba ce, dunƙulen ƙanƙara ce da ƙasa. In ta matso kusa da rana sai ta fara tururi, tururin ya kewaye ta. Hasken rana kuma ya buga tururin nan har ya ɗauki lantarki, ya riƙa haske irin na dogon ƙwan fitilar shagona. Ya ce ita rana tana da iskarta da take hurawa dare da rana.

Na ce, "Haba Mushe, iska a inda babu ko ganyen da zai motsa?"

Ya yi dariya ya ce ba irin tamu ba ce, ƙwayoyi ne ƙanana masu lantarki da ke tsere daga jikin rana da gudun da babu abin da ke yinsa a ƙasa, kuma suna jan zaren maganaɗisu tare da su. In iskar ta iso ga tauraruwar, tururin nan ya tare ta, sai zaren ya maƙale a kanta ya zubo ta gefe biyu zuwa baya, kamar yadda ruwan kwari ke rataya ciyawa a jikin kututture. Tururi mai lantarki ba ya iya tsallake zaren, dole ya bi shi. Wannan ita ce wutsiyar, shi ya sa take miƙe sambal, kuma kullum tana ba rana baya. Ya ce ko da tauraruwar ta juya za ta koma inda ta fito, wutsiyar ce a gaba. Na ce to wannan ta fi jakin gidanmu taurin kai. A haka muka cinye hoto goma sha biyu, na riƙo shi muka dawo gari.

Da safe na wanke fim ɗin. Sha ɗaya ba su yi ba. Wasu duhu ya cinye su, wasu taurarin sun ja layi, ɗaya kuma fitilar wata motar Kano ce ta haske shi. Guda ɗaya tak ya fito, kuma ya fito fiye da yadda idona ya gani. Ga kan tauraruwar, ga wutsiya siririya ta taso daga gare shi. Amma da ta ɗan yi tafiya sai ta yanke. Akwai giɓi kamar ƙwayar shinkafa, bayan giɓin kuma wani curin haske shi kaɗai a gefe, ya kauce wa layi, sannan sauran wutsiyar ta ci gaba.

Me kuke tsammani ya zo mini a rai? Bazara ce, magani ya yi ɗumi, fim ya kwana biyu a ajiye. Na ce shi kenan, ƙyandar nan ce ta fito, kuma ba ta tashi fitowa ba sai a kan hoton mutumin da ba shi da wani idon da zai jira na biyu. Kunya ta kama ni. Shi da bakinsa ya ce wutsiyar miƙe take sambal, yaya zan kai masa gutsurarriya? Na kunna akwatin gyara. Na ɗauki reza na bi gefen curin nan a hankali na kankare shi, na ɗauki fensir na cike giɓin ɗigo bayan ɗigo, na haɗa wutsiyar ta zama guda. Tun hantsi nake kai har aka kira azahar. Ban taɓa gyaran da ya kai wannan kyau ba, ko Alhaji Sanda ba zai gane wurin ba. Na buga shi a babbar takarda, ta ƙarshe da nake da ita.

Mushe Habu ya fita da hoton ƙofar shago inda rana take, ya kafa gilashinsa, ya fara daga kai ya bi wutsiyar a hankali har ƙarshe, ya dawo ya sake. Ya ce, "Kamar a littafi." Ya faɗa sau uku. Washegari ya shiga da shi aji, yara suka yi layi suna kallo, aka manna shi a bango kusa da allo. Ni kuwa sai na riƙa tafiya a kasuwa kamar na ci gasar kokawa.

Bayan kwana goma ko fiye ya dawo, ba ya ma tura keke, da sauri yake tafe yana tuntuɓe. Ya ce ya ji a rediyo, a wani shirin kimiyya, cewa masu manyan na'urori sun ga wutsiyar ta tsinke, kuma da ya lissafa, ashe daren da muka fita ne. Ya ce abin yana faruwa amma ba kullum ba. Zaren maganaɗisun da iskar rana ke jawowa yana da fuska, kamar allurar nuna arewa. Wani lokaci sai iskar ta zo da zaren da fuskarsa ta juya, ko ta taso da ƙarfi gaba ɗaya, tsohon zare da sabo su gamu su yanke juna. Sai wutsiyar ta rabu da kai, iskar ta tafi da ita, tauraruwar ta tsiro da wata cikin yini ɗaya ko biyu. Ya ce, "Miƙaƙƙiyar wutsiya kowa na iya zanawa da alli. Tsinkewar nan ce ke nuna iskar gaskiya ce, tana da rai, tana sauyawa. Ita na fi son gani a duniya. Malam Lawali, duba mini fim ɗin, ko da 'yar alama."

Na shiga ɗakin duhu na tsaya, ban ma kunna fitila ba, na fito na ce masa babu komai, abin da ke takarda shi ne ke fim. Ya ce, "Ba laifinka ba ne, kyamararmu ce ƙarama." Har godiya ya yi mini. Tauraruwar kuwa ta riga ta yi sabuwar wutsiya ta fara dushewa, ni kuma ba ni da sauran fim ko na hoto ɗaya.

Ƙaryar nan na ɗauka shekara guda. In na hango shi ta hanyar masallaci sai in canza layi. Kafin damina ta wuce ya ajiye aiki, kafin kaka ya daina bambance mutum da bango.

Da bazara ta zagayo, cikin ikon Allah wata tauraruwar ta fito, ta fi ta farko haske, tun magariba ake ganinta a yamma maso arewa. Wutsiyarta biyu, ɗaya fara mai lanƙwasa, ɗaya siririya miƙaƙƙiya. Lokacin na ɗan farfaɗo, ina da fim. Ba wanda ya sa ni, kullum in an sallame magariba sai in ɗauki ƙafa uku in fita bayan gari, da safe in wanke, ban taɓa ko ɗaya da fensir ba, in wuce gidan Mushe in same shi a zaure a kan tabarma. Yakan gane takuna.

"Malam Lawali, ta tsinke?"

"Ba ta tsinke ba, Mushe."

Ya ce farar ta ƙura ce, ba ruwanta da zaren, in sa ido a kan siririyar. Na sa ido har tauraruwar ta tafi. Ko da ta tsinke wa wasu a wani wuri, ni dai ba ta tsinke a fim ɗina ba. Ban ma san abin da zan yi da hoton ba in na samu, tunda mai kallon ba ya gani. Ni dai ina so in ce masa e sau ɗaya, kuma ya zama gaskiya.

Ranar da na tabbatar ta tafi, na ɗauko tsohon fim ɗin nan guda ɗaya na naɗe shi a takarda na je. Na zauna a bakin tabarma na faɗa masa komai: giɓin, curin hasken, rezar, da tsayuwar da na yi a ɗakin duhu. Ban nemi uzuri ba.

Ya ce, "Wato tsinkewar tana ciki."

Na ce, "Tana ciki, Mushe. Da na bar ta, da ka gan ta da idonka."

Ya ce, "To a garin nan kai kaɗai ka gan ta. Faɗa mini yadda take. Curin dogo ne ko dunƙule? Ta ina ya karkata?"

Nan ne na ji abin da ban taɓa ji ba a sana'ar nan. Na rufe ido na nema, ban samu ba. Tun hantsi har azahar ina duƙe a kanta, amma ba kallonta nake ba, datti nake sharewa. Na ce, "Mushe, ban sani ba. Ban tsaya na kalle ta ba."

Ya miƙo hannu ya ce in ba shi fim ɗin. Na sa masa a tafi, na juya masa gefen da ba ya ƙyalli. Ya riƙa shafawa da ɗan yatsa a hankali, daga wannan kusurwa zuwa waccan, har ya tsaya a inda reza ta bar kaushi. Ya sa bakin farce ya kewaye wurin.

"Nan ne?"

"Nan ne."

"Da ka kankare, ka bi gefenta daidai?"

Na ce, "Daidai na bi, ko da sili ɗaya na gashi ban wuce ba."

Ya sake kewayawa, sau biyu, sau uku, fuskarsa a sama. Sai na ga ya yi murmushi. Ya ce, "Ashe lanƙwashe take, bakinta ɗaya ya fi ɗaya kauri. Littafin bai faɗa ba."

Ya ce in bar masa fim ɗin, na bar masa. Matarsa ta ce a aljihun gaba yake ajiye shi har ya rasu. Shi ya san siffarta da farce. Ni da na gan ta da ido biyu, har yau in na rufe shago nakan zauna in nema, ban tuna ta ba.